Kafin ka ɗora "dope" a goshinka

A ƙaramar sallar da ta wuce ɗan yayata ya zo gaishe ni sanye da baƙar hular hana-sallah da ya tsinto a gwanjo, an ɗinka mata haruffa huɗu da farin zare a goshi: DOPE. Na tambaye shi ma'anar abin da yake yawo da shi a ka, sai ya yi murmushin wanda ya ga ƙauyanci, ya ce, "Kawu, ai nufinsa abu ya haɗu." Bai yi ƙarya ba, sai dai ya faɗi ɗaya ce daga cikin ma'anoni aƙalla biyar, kuma wadda ya faɗa ɗin ita ce autarsu.

Ƙannena matasa, wannan kalma da kuke zubawa a ƙarƙashin hotunan junanku a Instagram da TikTok ta yi doguwar tafiya kafin ta iso wayoyinku. Asalinta daga harshen mutanen Holan take, inda "doop" ke nufin romo mai kauri da ake tsoma abinci a ciki, kuma a farkon shekarun 1800 ta shiga Turancin Amurka da wannan ma'ana ta ruwa mai kauri. Zuwa tsakiyar wancan ƙarni an fara kiran dolo da ita, kuma har gobe wanda aka ce masa "a dope" wawa aka kira shi kai tsaye. Masu sha'awar dambe za su tuna karawar Muhammad Ali da George Foreman a Kinshasa a 1974, lokacin da Ali ya jingina da igiyar fage ya bar Foreman yana ta kai naushi har ya galabaita, sannan ya kwantar da shi a turmi na 8. Dabarar nan da ake kira "rope-a-dope", wawan da ke cikin sunanta shi ne wanda ya yi ta dukan iska.

Ma'anar da ta fi damuna ta zo ne a ƙarshen shekarun 1880, sa'ad da aka fara kiran ofiyam da ake busawa da wannan suna saboda kaurinsa da danƙonsa. Daga nan sunan ya bazu zuwa sauran kayan maye, musamman hiroyin da tabar wiwi, kuma wannan ma'ana ba ta taɓa mutuwa ba. Idan ɗan sanda a Amurka ya tambayi mutum ko yana ɗauke da "dope", ba yabon motarsa yake yi ba. A fagen wasanni ma daga wannan saiwa aka samo kalmar "doping" da ake kiran shan ƙwayar ƙara kuzari da ita, laifin da ya sa aka ƙwace lambar zinaren Ben Johnson ta gudun mita 100 a gasar Olamfik ta Seoul a 1988 aka miƙa wa Carl Lewis, kuma kalmar tana cikin cikakken sunan hukumar duniya ta WADA, wato World Anti-Doping Agency, da aka kafa a 1999 domin yaƙi da wannan ɗabi'a. Akwai kuma wata ma'ana da ta fito daga wajen sukuwar dawaki, wato labarin sirri na cikin gida, domin wanda ya san dokin da aka ɗura wa magani ya san inda zai zuba kuɗinsa.

Sai a shekarun 1980 mawaƙan hip-hop baƙaƙen fata na Amurka suka juya kalmar ta koma yabo. Su sun san abin da suka yi. Sun tashi a unguwannin da ƙwaya ta yi wa ɓarna, suka ɗauki sunanta suka liƙa wa kiɗa mai daɗi, wato kiɗan da ke kama mutum kamar maye. Mu kuwa yabon kawai muka ara, muka bar tarihin a can, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

Ba ina cewa ku daina amfani da kalmar ba, domin kowane zamani da irin sararsa, mu ma a lokacinmu mun yi tamu har iyayenmu suna yi mana kallon waɗanda suka zauce. Abin da nake roƙo shi ne ku lura da mazauninta a cikin jimla da kuma kunnen da za ta faɗa. Idan ka ce takalmi "is dope" ka yaba shi, idan ka sa ɗan harafin nan "a" a gabanta ka jingina wa mutum ka zage shi, idan kuwa ka ce kana da ita ko kana sayar da ita, to ka amsa laifin da hukumar NDLEA take kama mutane a kansa tun kafa ta a 1989. Tsakanin yabo da zagi da laifi babu komai sai ƙananan kalmomi biyu ko uku, irin waɗanda mai koyon Turanci ya fi saurin tuntuɓe a kansu. Na ga saurayin da ya rubuta "dope dealer" a ƙarƙashin sunansa a Facebook, a zatonsa yana tallar kayan sawa masu kyau da yake sayarwa, alhali duk Baturen da ya karanta dillalin ƙwaya zai fahimta. Wannan shafin ne kuma mai ɗaukar aiki ko jami'in ba da biza zai iya leƙawa wata rana, kuma ba zai kira ka ya nemi bayani ba. Haka nan malaminka na jami'a da ya wallafa hoton bikin ƙarin girmansa bai cancanci wannan kalma daga ɗalibinsa ba, ko da da kyakkyawar niyya ce, tunda "Allah ya sanya alheri" ba ta ƙare a kasuwa ba.

Duk wannan na zayyana wa ɗan yayata muna cin cincin, yana saurare yana jujjuya hular a hannu. Da zai tafi ya cusa ta a aljihun wando, ya durƙusa ya yi mini sallama. Na leƙa ta taga na hango shi a bakin titi ya mayar da ita kansa, sai dai ya juya rubutun ta ƙeya.