Ƙanwata da tatsuniyoyin Kaka

Ranar Juma'a bayan la'asar muna zaune a tsakar gidanmu nan Garwa ta ƙasar Kamaru, ƙanwata ta faɗi abin da za ta rubuta kundin digirinta na biyu a kai: yadda ake siffanta mata da maza a tatsuniyoyi da ƙagaggun labaran kimiyya, irin waɗanda ake tafiya wasu duniyoyi ko a hango zamanin da bai zo ba. Burinta ta kai ga digirin digirgir, ta koyar a jami'a. Kawu ya dire kofin shayinsa ya ce, "Yanzu ke, jaka hamsin ɗin rajistar da ake biya miki duk shekara a Ngaundere, a kan Gizo da Ƙoƙi za ta ƙare?" Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Ni ma ban tanka ba saboda girmansa, amma maganar ta kwana tana cina.

Wa ya fara gaya mana mece ce mace? Tun kafin allo, tun kafin boko, Kaka ce a kan tabarma da "ga ta nan ga ta nanku". A bakinta muka ji kishiyar uwa kullum muguwa ce, muka ji 'yar mowa da 'yar bora, muka ji budurwar da ta ƙi samarin garinsu ta ce sai marar tabo, ta ƙare a gidan dodo. Yaro ɗan shekara biyar ya ji wannan dare bayan dare, ya girma da shi, ya shiga ɗakin aure da shi. Ina son tatsuniyoyin nan har cikin raina, shi ya sa nake so a samu mai ilimi ta zauna ta tona su, ta nuna mana inda suka yi wa mata adalci da inda suka danne su.

Na san wasu da sun ji "nazarin jinsi" sai gabansu ya faɗi, su ce kayan Turawa ne. To a 1905 wata Musulma 'yar Bengal, Rokeya Sakhawat Hossain, ta rubuta Sultana's Dream: ƙasar da maza ke cikin kulle, mata ke mulki suna girki da zafin rana. Daga baya ta buɗe wa 'yan mata Musulmi makaranta a Kalkata. Littafin Frankenstein ma, wanda da yawa ke ƙirga farkon ƙagaggun labaran kimiyya daga kansa, mace ce ta rubuta shi, Mary Shelley, a 1818. Mu ma muna da namu, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, 1969, inda yaro ya yi yawon sararin samaniya. Ƙanwata ta tambaye ni, da yarinya ce, za a bar ta ta ƙetare ko da zaure? Na rasa amsa.

Kawu yana da gaskiyarsa, ba zan ɓoye ba. Hanyar doguwa ce, guraben koyarwa kaɗan ne, ga gori a kan aure. Ga kuma wahalar da ba ta kan 'yan Kano: za ta saurara da Hausa, wani lokaci da Fulatanci, sannan ta rubuta da Faransanci.

Duk da haka ta riga ta fara. Na raka ta wurin wata tsohuwa a unguwarmu, ta ɗora waya a kan juyayyen turmi tana naɗar murya. Tsohuwar ta kai tsakiyar labari ta tsaya, ta ce ta manta waƙar, ta shekara ashirin ba wanda ya ce ta yi. Sai da ta lumshe ido ta daɗe tana kaɗa kai, waƙar ta dawo.

Duk mai tsohuwar da har yanzu ke tatsuniya, a Garwa ko Marwa ko Gidar, don Allah ya yi mini magana. Kuɗin mota ni zan biya.