Huhu biyu na surukin Kawu

Kawuna ya tsufa a sana'ar goro a Aboabo, nan Kumasi, amma har gobe gani yake takarda bidi'a ce. Da ƙafa ta fara ba shi matsala sai ya ce ni ɗan boko in raka kaya Agege ta Legas, tunda kuɗin makarantata daga goron suka fito.

Na ɗauki abin da zafi. Na sami ejan mai shirya takardun kwastan, ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Da farko lambar haraji, wadda tun 2021 lambar Ghana Card ce ga mutum ɗaya. Sai takardar farashi, sai jerin kaya, sannan a shigar da bayanin komai a ICUMS, tsarin kwamfutar da kwastan ke aiki da shi tun 2020. Ya ce da yake goro amfanin gona ne, tsarin ECOWAS bai neman takardar asalin kaya a kansa, amma dole ma'aikatan gona su duba su ba da shaidar cewa babu ƙwari. Wato goro ma sai ya ga likita kafin ya yi tafiya, ni kuma ga katin rigakafin shawara a aljihu. Kowace takarda ta ce huhu 40. Na sayi fayil mai zif, na rungume shi har wajen barci.

Muka bi ta Accra muka isa Aflao, iyakar Ghana da Togo, da hantsi, ga Lome ana hange. Ofisa ya karɓi fayil, ya duba, har ya gyaɗa kai. Ni kuwa na gyara tsayuwa ina kallon sauran 'yan kasuwa da tausayi. Ya sa a ɗaga tampol, yaran mota suka fara ƙirga.

Arba'in da biyu.

Na ce a sake, wataƙila rana ce. Aka sake. Na hau da kaina ina dafa kowane huhu ina ƙirgawa da ƙarfi kamar mai biya allo, goron nan bai ragu ba. Can ƙurya ga wasu biyu an ɗaure da jan tsumma. Direba ya juya baya yana duba tayar da babu abin da ya same ta.

Na kira Kawu. Ya ce, “Af, ɗana, ai ba kaya ba ne, tsarabar surukina ce. Ka gaya musu.” Na ce, “Kawu, kwamfuta ba ta san suruki ba.” Ya ce in ba shi ofisan. Allah ya sa ofisan ya taso a unguwar Nima ta Accra, Hausa a bakinsa tar. Sai da Kawu ya ɗauko masa tarihi tun daga fatake, yadda kakanmu ya koro jakuna daga Kano zuwa Salaga ba wanda ya tambaye shi ko fallen takarda. Ofisa ya saurara da ladabi yana “Na'am Baba, haka ne Baba,” ya miƙo mini waya ya ce ko a gyara takardu su koma 42, ko mota ta koma 40.

Direba ya kawo shawara mu ci biyun. Mutum huɗu, huhu biyu! Na ce ko kwana za mu yi muna tauna, haƙora ne za su riga goron ƙarewa. Yaron mota ya ce a raba sadaka, Kawu ya ji ta waya, ya yi salatin da sai da na janye wayar daga kunne.

Gyaran kuwa ba gogewa da biro ba ne. Takardar farashi sabuwa, jerin kaya sabo, ma'aikatan gona su leƙa na surukin, ejan yana Kumasi yana cewa intanet ta tsaya. Ni ina nan ina yayyafa wa huhuna ruwa don kada goro ya bushe, 'yan canji suna bina da sefa, mai waakye, wato shinkafa da wake, ta fara kirana “Alhaji Arba'in da Biyu”. Abin da na kashe a ci da kwana da kuɗin ejan ya isa in saya wa surukin nan goronsa a Agege har in ɗora masa turare.

Da aka buga hatimin ƙarshe na kira Kawu in yi masa albishir. Ya sa mini albarka sosai, sannan ya ce, “Yauwa, jarkar manjan da ke ƙarƙashin kujerar direba fa, ta gwaggonka ce, a kula kada ta zube.”