Kwana Uku Ina Kokawa da Wutar da Ba Ta Kai Ƙwayar Gyaɗa Ba

Asubar wata Talata ce cikin Janairu, a Kolumbas ta jihar Ohayo, irin asubar da ko kare ba ya marmarin fita. Na shiga banɗaki da ƙwarin gwiwata, na murɗa famfon ruwan zafi, na miƙa ƙeya. Abin da ya sauko mini, ba don na san daga famfo yake ba, da na rantse wani maƙiyi ne ya kwaso ƙanƙarar bakin titi ya sheƙa mini. Salatin da na saki har Ummi sai da ta farka.

Uwargida ta ƙwanƙwasa ƙofa. "Baban Ummi, lafiya? Santsi ne ya kwashe ka?"

Na ce ba santsi ba ne, ruwa ne.

Ta ce, "To ai ruwa ba baƙonka ba ne."

Na zura jallabiya da hular sanyi na gangara ɗakin ƙasa. Can kusurwa tankin ruwan zafin yake tsaye, fari, dogo, mai cin galan 40, wajen lita 150 ke nan. Shekara huɗu muna gida ɗaya da shi, ko kallon arziki ban taɓa yi masa ba. A gindinsa akwai wata 'yar tagar gilashi da ba ta fi kwabo faɗi ba, a bayanta kuma ya kamata a ga wata 'yar shuɗiyar wuta tana ci dare da rana. Masu ƙasar suna ce mata failot. Aikinta gadi ne kawai: in ruwa ya huce, sai gas ya buɗe wa babban murhun, ita kuma ta lasa masa wuta. Kamar dai garwashin da Inna take binnewa a toka da daddare don kada ta je ɗibar wuta maƙwabta da safe. Na kwanta rub da ciki a kan siminti mai sanyin kabari, na leƙa. Duhu ɗinɗim.

Na buga wa mai gyara waya. Ya ce zuwansa kaɗai, kafin ya taɓa sifana, dala 150 ne, kuma sai jibi. Na juya kuɗin zuwa naira a zuciyata, nan take na ji sanyin ya ragu. Haba! Ni da na yi makarantar kwana, na hura jiƙaƙƙen icce da damina har aka dafa wake, wutar da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba ce zan biya wani ƙato ya kunna mini? Na ce wa uwargida ta ba ni minti goma. Ba ta ce komai ba, sai na ji ƙarar babbar tukunyar nan ta suna tana hawa kan murhu. Na so in ji haushi, amma lokaci bai ba ni dama ba.

Ka'idar kunnawa tana manne a jikin tankin. Ka murɗa maɓalli ka kashe gas, ka jira 'yan mintoci iskar da ta taru ta watse, sannan ka sansana har ƙasa. In ka ji wari, kada ka ƙyasta komai, ka kwashi iyali ku fice, ka kira kamfanin gas daga waje. Shi gas ɗin nan asalinsa ba shi da wari ko kaɗan, da gangan ake zuba masa sinadari mai ɗoyin baragurbi. Darasin da tsada aka saye shi: a 1937 gas ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a garin New London na jihar Tekzas ba wanda ya ji, ya tashi da rai kusan 300, yawancinsu yara. Don haka ban yi wasa da wannan sashe ba. Ina nan hanci a ƙasa, ina zagaya tanki da rarrafe kamar bunsuru, sai na ji murya daga saman matakala: "Mama, zo ki ga Baba yana sansanar tanki."

Babu wari. Na danne maɓalli, na danna ɗan jan madannin ƙyastu. Ƙyas. Ƙyas. A na bakwai sai ga ta, fes. Na ci gaba da dannewa ina ƙirge har sittin, babban yatsana yana rawa, na saki. Ta tsaya! Na murɗa, babban murhu ya ce fuuu. Na hau sama ina taku irin na wanda ya dawo daga yaƙi, na ce a sauke tukunyar nan, an daina wahala a gidan nan. Ba a sauke ba. Bayan minti goma na koma in gaisa da aikina, na tarar da duhun da na baro da asuba.

Daren nan a YouTube na kwana. Kafin gari ya waye na zama injiniya, na kuma gano mai laifi: tamokoful. Wata siririyar wayar tagulla ce da kanta yake cikin 'yar wutar. Ƙarfe iri biyu aka haɗa a ciki, in zafi ya taɓa mahaɗar sai ta haifar da ɗan lantarki da bai wuce milibolt 30 ba, shi ke riƙe maganaɗisun da ya buɗe wa gas hanya. Wuta na mutuwa, waya ta huce, ƙofa ta rufe, gida ya tsira. Gaskiya dabarar ta burge ni, har na tare uwargida a matakala, tana riƙe da bokitin ruwan zafi, ina yi mata bayanin cewa wani Bajamushe mai suna Seebeck ne ya gano wannan sirri tun 1821.

Ta sauya wa bokitin hannu ta ce, "Shi Bajamushen, da ruwan tukunya matarsa take haɗa masa wanka?"

Na tafi shagon kayan gyara cikin dusar ƙanƙara, na sayo sabuwar waya da kuɗin da bai kai dala 20 ba, ina ta yi wa mai gyaran can dariya a zuci. Na rufe gas daga bututu, na kama notin tsohuwar wayar da sifana, na murɗa hagu yadda aka san ana kwance noti tun zamanin kakanni. Ya ƙi. Na ƙara ƙarfi, na yi bisimilla, na sa gwiwa na tokare tanki. Rabin sa'a ina gumi a ɗakin da numfashi yake fita kamar hayaƙi. Ashe irin tankina haƙoran notinsa a juye suke, duk wannan nishin ƙara ɗaure shi nake yi. Wani yaron shago da ko gemu bai fara ba shi ya faɗa mini haka da na koma, ya kuma ƙara da cewa wayar da na saya ma ba za ta shiga ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji masu magana, amma ba su faɗi cewa har kuɗin mai yana ci ba.

Da yamma na haɗa komai. Na shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa, babu ƙwan da ya taso, alamar ba ya yoyo. Sukuru ɗaya ya yi saura a hannuna, na jefa shi aljihu, na ce masu ƙera abin ne suka yi almubazzaranci. Wuta ta kama. Wannan karon ban yi shela ba, sai da na ba ta sa'a guda, sannan na shiga wanka ba tare da na sake leƙawa ba. Ruwa ya zo da ɗumi-ɗumi, na saɓa sabulu tun daga ka har ido. Sauran labarin maƙwabta ma sun ji shi.

A masallaci bayan lisha na kai ƙara. Wani Alhaji ɗan Nima ta Akara ya ce kan gas ɗin ne ya mutu gaba ɗaya. Wani Badamagare ya ce tankin ne ya tsufa, in yar da shi. Na ukunsu ya tambaye ni ko na biya kuɗin gas na watan jiya. Na biya, amma sai da gabana ya faɗi.

Ran Alhamis da la'asar ina zaune gaban tanki na yi tagumi, uwargida ta sauko ɗibar shinkafa. Ta tsaya da kwano a hannu. "Kunna in gani." Na kunna, don dai kada a ce na hana. Ta durƙusa ta leƙa 'yar tagar ta daɗe.

"Wannan wutar ai ja ce, tana ta layi. Shaƙewa take yi. Ta ina take shan iska?"

Na buɗe baki in ambaci Seebeck, na ga ba hurumin sa ba ne. Ita kuwa har ta haska tocilar wayarta ƙarƙashin tankin. Ashe tun 2003 irin waɗannan tankunan gas da ake sayarwa a Amurka a rufe ɗakin wutarsu yake ruf, iska ba ta shiga sai ta wata rariya mai ƙananan huji a ƙasa, don kada tururin fetur ko fenti ya kama da wuta a ɗaki. In rariyar ta toshe, babban murhu yana tashi zai cinye 'yar iskar da ke ciki, duka su mutu tare. Tawa rariyar kuwa ba a ma ganinta. Buhunan shinkafa biyu da na samo da araha a Disamba, ni da kaina na jingina su a gindin tankin don kada su yi sanyi. Wajen tura su kuma na fizge bututun injin busar da kaya ban sani ba, wata guda yana feso audugar tufafi ƙarƙashin tanki.

Ta ce in kashe gas, in janye buhunana. Da ƙarfe ya huce ta hau sama ta dawo da tsintsiyar kabar da ta taho da ita daga Kano, wadda na yi ta mita a filin jirgi cewa za ta ja mana abin kunya. Ta zura ta, ta jawo curin ƙura da auduga da zai cika matashin kai, ta bi da injin zuƙar ƙura. Minti biyar ba ta cika ba. Na ƙyasta, wuta ta tashi shuɗiya shar, tsaye kamar soja. Tana ci har yau.

Ran Lahadi na kira Inna na ba ta labari tun daga farko, na ɗan gyara wasu wurare, na tsawaita batun milibolt. Ta saurara har na kai aya.

Ta ce, "Sannu da ƙoƙari. Ba ni 'yata."

Uwargida ta karɓi wayar ta shige kicin ta turo ƙofa. Daga falo ina jiyo dariyar Inna, tun daga Kano.