Alhaji Mai Shanu Zai Sayi Bene

Alhaji Mai Shanu ya ƙwanƙwasa bangon benen da sandarsa, ya kasa kunne.

"Lafiyarsa ƙalau. Dillali, kira mai gida a yi ciniki."

"Ai na gaya maka, ranka ya daɗe," in ji Dillali. "Duk Agege babu irinsa. Shekaranjiya aka gama fenti."

Injiniya, wanda babban ɗan Alhaji ya turo ba da son ran uban ba, yana can yana ƙare wa wata tsagewa kallo. Daga kusurwar taga ta taso, ta yi sama a karkace. An cusa mata siminti an bi da fenti, ta sake buɗe baki.

"Alhaji, aikin iri biyu ne. Akwai duba matsala guda: in tsaya kan tsagewar nan, in gano abin da ya jawo ta, in rubuta yadda za a gyara. Wannan na wanda ke cikin gidansa ne, ya ga abu ɗaya ya tsorata. Kai kuwa saye za ka yi, binciken gida gaba ɗaya ya kamace ka. Fandisho, ginshiƙai, dakin, wato kankaren da ke raba hawa da hawa, rufi, danshi, har zanen da gwamnati ta amince a gina. In ba ka rahoto kafin ka biya ko kwabo."

"Wanne ya fi araha?"

"Na farko."

"To yi mini na biyu a kuɗin na farko."

"Alhaji..."

"Yaro, tun ba a haife ka ba nake abbatuwar Oko-Oba. Sa yana kan tirela, bai sauko ba, nake faɗin naman da zai yi. In na daki ƙugunsa na ji amon, an gama. Gida da ba ya ko motsi ne zai gagare ni?"

"Sa ba shi da rodi a ciki, Alhaji."

"Yana da ƙashi."

"Ƙashi ba ya tsatsa. Danshin Legas in ya shiga kankare, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, shi da kansa yake fasa ginshiƙi daga ciki. Sandarka ba za ta ji wannan ba."

"Ba ka san sandar nan ba."

Dillali ya ga la'ada na neman zamewa. Dama ya riga ya karɓi kuɗin nuna gida, kamar yadda ya karɓa a hannun duk wanda ya leƙo a makon. A garin nan ko kallo ba a yi kyauta. Ya zaro takarda daga aljihu.

"Wane bincike kuma? Ga takardar safiyo, da hatimi!"

"Safiyo iyakar fili ya auna ya kafa duwatsu," in ji Injiniya. "Ko gidan ya kwanta gobe, takardarsa tana nan daidai."

"Ka ji ko, ranka ya daɗe? Ko ya kwanta filin na nan. Babu asara!"

Alhaji ya gyaɗa kai, maganar ta shige shi. Ya nuna sama da sanda.

"Hawa biyu zan ƙara. 'Yan haya."

Injiniya ya nemi wuri ya zauna.

"A kan wannan? Sai an gwada ƙarfin kankaren da gudumar awo, wani wurin a huda a kai ɗakin gwaji. A tona a ga fandisho, a gwada ƙasa, a nemi izinin gwamnati. Tsagewa a karkace irin wannan sau da yawa alama ce wani ɓangaren tushe yana nutsewa. Ka manta benen titin Gerrard a Ikoyi, Nuwambar 2021? Hawa 21, mutum sama da 40 suka rasu."

"Allah ya jiƙansu. Amma hawa 21 ka ce. Nawa huɗu ne duka. Cire huɗu daga 21 ka ga tazarar da na bari."

Injiniya bai amsa ba. Ya sa mukulli ya kankare sabon fentin gefen ƙofa. Wani jan layi ya leƙo, ya ci gaba, wani ya gitta shi.

"Dillali, wannan ba irin alamar da LASBCA, hukumar kula da gine-gine ta Legas, ke yi wa ginin da ya gaji ba ce?"

"Haba Injiniya! 'Yan Arsenal ne. Yaran unguwar nan ba su da tarbiyya."

"Ni ma jikana ɗan Arsenal ne," in ji Alhaji. "Har a jikin motata ya yi."

Ya gyara babbar riga, ya tako gaban tsagewar, ya auna ta da sanda tun daga taga har inda hannunsa ya kai.

"To, don kada yaron can ya ce na raina bokonsa. Binciken gida duka, ban yi. Duba tsagewa ka ce nawa?"

Injiniya ya faɗa.

"Duk tsawonta?"

"Ba a tsawo ake biya ba, Alhaji."

"Raba biyu. Duba mini rabin ƙasa, na sama ba wanda zai jingina da shi."

Wani ɓallin filasta ya saki daga dakin, ya sauka daidai kan hular Alhaji. Ya cire ta, ya kaɗe, ya mayar.

"Wannan daga rabin sama ya zo, ba ya cikin aikinka. Dillali, ɗauke shi ka nuna wa mai gida, a rage mini kuɗinsa."