Shi Ma Mai Keke Da Ransa Ya Fito

Assalamu alaikum ƙannena samarin Bauchi. Da ku nake yau, musamman waɗanda Allah ya hore wa abin hawa mai inji, naku ne na kanku ko na gida ne kuka zari makulli bayan Baba ya shiga ƙailula.

Daren Asabar ɗin da ta wuce, a teburin mai shayin unguwarmu a Yelwa, wani yaro ya miƙo waya ana kallon sababbin titunan Addis Ababa, babban birnin Habasha, inda aka faɗaɗa manyan hanyoyi aka ware wa masu keke layinsu daban, masu tafiya a ƙasa ma da nasu. Wani ya ce, "To da a Bauchi ne fa?" Sai wuri ya kaure da dariya. Wannan ya ce ɓarnar kwalta ce. Wancan ya ce ana ta kai wa yake ta kaya. Na ukun ne maganarsa ta tsaya mini a rai: "Wa ke hawa keke yanzu in ban da matsiyaci da ɗan ƙauye?" Ya faɗi haka kuwa kekena na jingine a jikin bencin da yake zaune.

Ban tanka masa ba, don shayi na je sha. Amma maganar ta kwana da ni.

Kun san dai ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Kafin mako ya zagayo, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, a 2024 kuma ta tsallake 1,000. Ni malamin makaranta ne, albashina ba ɓoyayye ba ne. Na buga lissafi na ga mashin zai riƙa cin tuwon yara, sai na tura shi zaure na lulluɓe da tsohuwar tabarma. Akwai Raleigh ɗin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, rataye a shago tun rasuwarsa. Na sauko da shi, mai faci ya sa masa sababbin tayoyi, ya ɗaure sarƙa, ya canja robar birki, ya ce, "Malam, wannan ƙarfen sai ya binne ni da kai." Tun daga nan shi nake takawa.

Wata safiya kusa da Wunti, ina bin can ƙarshen kwalta, wani saurayi a mota ya matso ni har madubinsa ya bugi gwiwar hannuna. Na faɗa kwata, ni da keke da takardun jarrabawar 'yan aji uku da na kwana ina makawa, waɗanda na ɗaure a kariya da roba. Ya sauke gilashi ya ce, "Malam, ka riƙa bin gefe mana!" ya ja motarsa. Wane gefe kuma? Bayan inda nake sai kwatar da na faɗa. Wata dattijuwa mai ƙosai ce ta bar kaskonta a wuta ta zo tana tsince mini takardu ɗaya-ɗaya tana yarfe ruwan, tana cewa, "Sannu ɗan nan, Allah ya kiyaye gaba." Yaron nan, a shekarunsa, ba mamaki na koyar da shi ko yayansa.

To abin da ake nufi da layin keke mai shinge ke nan: a sama wa mutum gefen da ba kwata ba. Ana yankar kamar mita 2 daga faɗin titi, a raba shi da hanyar mota da ɗan dakalin siminti ko turakun ƙarfe, yadda tayar mota ba za ta iya haurawa ba sai da gangan. Akwai kuma na fenti kawai, wanda a wajen direba mai sauri da shi da babu duk ɗaya. Dalilin rabawar a fili yake. Mota ƙarfe ce mai nauyin fiye da tan ɗaya tana gudu, mai keke kuwa ƙashi ne da tsoka, rigarsa ce kawai garkuwarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma babu abin da ya fi shi kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Wato ku da ƙannenku.

Kada ku ɗauka ku kuka fara wannan dariyar. Kusan duk garin da aka yanki titi aka ba wa keke sai da aka yi hayaniya. A Landan, a 2010, zamanin Boris Johnson yana magajin gari, shuɗin fenti aka fara shafawa a gefen wasu manyan tituna aka ce hanyar keke ce, manyan motoci suka ci gaba da take mutane a kan fentin. Da aka koma gina mai shinge a bakin kogin da ya ratsa birnin, ƙungiyar direbobin tasi ta garzaya babbar kotu, ta sha kaye, aka buɗe hanyar a 2016. A ƙarshen 2020 kuma wata ƙaramar hukuma a yammacin birnin ta tumɓuke layin da ta kafa bayan mako 7 kacal, saboda ƙorafin masu shaguna da mazauna unguwa. Duk da wannan ja-in-ja, ƙidayar da aka yi a tsakiyar birnin a 2022 ta nuna keke ya fi motocin gida yawa a titunan wurin. Cikin masu hawan nan kuwa har da ma'aikatan banki da lauyoyi, irin mutanen da ku kuke kira manya.

Labarin Holan ya fi taɓa ni. Yau in aka ce ƙasar kekuna ita ake nufi, har mutum ya zaci da keke aka haife su. A 1971 kusan mutum 3,300 suka mutu a titunansu, fiye da 400 daga ciki yara ne. Iyaye, yawanci mata, suka fito suna tare tituna da taken a daina kashe yara. Ana cikin haka, a 1973, ƙasashen Larabawa suka hana su mai, har gwamnati ta haramta tuƙa mota ranar Lahadi na ɗan lokaci. Gawar yara da tsadar mai, su suka juya musu tunani. Ku duba mu yanzu: wanne ne ba mu da shi a cikin biyun?

Na san abin da za ku ce, zafin Bauchi a watan Afrilu ba na Turai ba ne. Gaskiya ne, ni ma nakan isa makaranta riga ta manne da baya. Amma akwai Ishbiliya ta ƙasar Andalus, wadda muke ji a darasin tarihi, tana nan a kudancin Sifen, kuma da bazara zafinta kan wuce digiri 40. Tsakanin 2006 da 2007 suka shimfiɗa kusan kilomita 80 na layin keke mai shinge, yawanci a wuraren da da ake faka motoci. Masu motoci suka yi ta kumfar baki. Cikin 'yan shekaru masu hawa keke suka ninka sau da yawa, a garin da a da ake cewa ba al'adarsu ba ce. Ashe tsoro ne ya hana su.

Mu ma nan mun taɓa samun darasin muka mai da shi abin barkwanci. A 2001 ministan sufuri na zamanin Obasanjo, marigayi Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma keke, har shi da kansa ya hau zuwa taron majalisar ministoci a Abuja. Wata bas ta ture shi ya faɗa rami. Ƙasa ta ɗauki dariya, aka yi ta yi masa laƙabi. Ba wanda ya tsaya ya ce, in minista da muƙarrabansa bai tsira a titin Abuja ba, ina ga mai kai alayyafo kasuwa?

Ban ce duk mai ƙorafi mahaukaci ne ba, a'a. Mai shagon da aka hana kwastomansa tsayawa a ƙofarsa yana da abin faɗa. Ɗan acaba da mai Keke Napep da ke kallon titi ya ƙara matsewa alhali ga balas yana jiransu da yamma, suna da abin faɗa. A Addis Ababa ɗin da kuka kalla a waya, an rushe gidaje da shagunan talakawa da yawa a tsoffin unguwanni kafin a samu wannan kyan, kuma wanda aka rushe wa ɗaki ba za ka ce masa ya yi tafi ba. Waɗannan duk maganganu ne da ake zama a tattauna: ina za a sauke kaya, wane titi ne ke da faɗin da zai ɗauka, wa za a biya diyya. Da yaron nan na teburin shayi irin wannan ya faɗa, da na matso da kofina mun yi muhawara har mai shayi ya tashi. Amma shi bai kawo hujja ba. Cewa ya yi masu hawa keke ba su kai a kashe musu kwalta ba. Wannan raini ne tsagwaronsa, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da aka tambaye shi game da girman kai, cewa ya yi ƙin gaskiya ne da raina mutane.

Su wane ne ma kuke rainawar? Ku fito bayan asuba ku tsaya a hanyar Dass ko hanyar Gombe ku gani da idonku. Dattijo ne ya ɗauro buhun gawayi, keken na rangaji. Mai lambu ne da kwandon tumatir zai riski kasuwar Muda Lawal kafin rana ta bugi kayan. Malamin allo ne, maigadi ne da ya kwana a ƙofar wani, ɗalibi ne daga Gwallameji da kuɗin acaba ya gagare shi, yara ne biyu da kayan makaranta, ɗaya na tuƙi ɗaya a kariya ya rungume jakunkuna. Ku tambaya a gidajenku, da wuya a rasa kakan da kekensa ne ya kai mahaifinku makaranta. A da har a kayan alfahari yake, wanda ya sayi sabon Raleigh sai unguwa ta zo ganin ƙararrawa.

Ga kuma inda nake so mu kalli kanmu, har da ni. A ce gobe gwamnati ta wayi gari ta gina irin wannan layi daga Yelwa zuwa cikin gari, kwana nawa zai yi? Mako na farko 'yan acaba sun mai da shi hanyar tsere wa cunkoso. Na biyu mai kankana ya kafa tebur, mai gyaran taya ya ajiye injinsa. Ranar Juma'a motoci sun jeru a kai, ranar Asabar an kafa rumfar ɗaurin aure. Mai gini ya zube tifar yashi ya ce kwana biyu kawai. Ba zargi nake ba, ku duba abin da muka yi wa wuraren tafiya a ƙasa da aka gina a gefen sababbin titunanmu. Siminti ba ya gyara hali. Mun iya zagin gwamnati a kan ba ta yi ba, amma abin da ta yi ɗin mu ke fara cinye shi.

Alhali addininmu ya riga Holan magana a kan hanya. Hadisin nan da muka haddace tun muna Islamiyya ya ce a ba wa hanya haƙƙinta, kuma a cikin haƙƙin akwai kame cuta daga mutane. Wani ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya yanki ne na imani. Akwai kuma wanda nake yawan tunawa in ina kan sirdi: wanda ke kan abin hawa shi zai fara yi wa mai tafiya a ƙasa sallama. Ku lura da tsarin. Wanda ya fi tsayi, ya fi ƙarfi, ya fi sauri, shi aka ɗora wa fara ladabi. Mu kuwa mun kifar da shi: tirela ta kori mota, mota ta kori Napep, Napep ya kori acaba, acaba ya kori keke, mai keke ya huce a kan almajiri.

E, mu masu keke ma ba waliyyai ba ne. Muna tafiya cikin dare ba fitila ba abin ƙyalli, da baƙar riga, sai direba ya zo daf ya ga mutum. Muna bin hannun da ba namu ba don gajarce hanya. Yara kuma sun ɗauki ɗage tayar gaba a tsakiyar titi jarumtaka. Duk wanda ke da ƙani mai keke, ya saya masa 'yar fitilar nan mai caji, ba ta kai kuɗin data na mako ba, ya kuma duba masa birki.

Ku kuma masu tuƙi, abin da nake roƙo bai buƙatar kasafin kuɗi. In ka ga mai keke a gabanka, ɗaga ƙafa daga totur, ka jira har ka sami sarari, ka ba shi tazarar da ko ya kauce wa rami ba za ka taɓa shi ba. Kada ka zo ƙeyarsa ka danna masa hon, firgita ke kayar da mutum. Kafin ka buɗe ƙofa a bakin titi, waiga. In kuma wata rana aka kira taron unguwa a kan gyaran titi, ku je, ku faɗi damuwarku ta sana'a da kasuwa, ku kuma tambaya ina mai keke da mai tafiya a ƙasa za su bi, don yawanci su ba sa samun zuwa irin wannan taro, suna can suna neman na cefane.

Shekaranjiya yaron nan na teburin shayi ya aiko ƙaninsa, wai mashin ba mai, in ara masa keke zai kai wa mahaifiyarsu saƙo Muda Lawal. Na fito da shi na karkaɗe sirdin. Na ce a gaya masa birkin baya sai an matsa sau biyu yake kamawa, kuma in ya kai Wunti ya sauka ya tura.