Na cire wa babur ɗin Baba shokazobarsa ta asali, kuma ban yi nadama ba

Tun ranar Asabar da na ɗora hoton babur ɗin mahaifinmu ake ta yi mini tsiya. Masu ido sun gano cewa shokazobar baya ba tasa ba ce ta asali. Wani ya ce na ɓata tarihi, wani ya ce da na sayar masa tun kafin in lalata. Wani dattijo, abokin marigayi, har waya ya bugo takanas ya ce, "Ɗana, ai da tsohuwar zuma ake magani." Na ce, "Gaskiya ne Baba, amma wannan zumar ta daɗe da tsiyayewa, kwalbar kaɗai ta rage." Ya yi dariya ya ce in kawo babur ɗin ya gani da idonsa. Kafin in kai masa, bari in faɗi nawa a nan.

Babur ɗin Honda CD175 ne, mai silinda biyu. Baba ya saye shi a 1975 da ariyas ɗin Udoji, wato kuɗin ƙarin albashin da gwamnati ta biya ma'aikata, lokacin da kusan kowane malamin makaranta ya wayi gari da babur ko rediyo. Da shi ya yi ta zirga-zirga tsakanin Jos da Bukuru shekara da shekaru, da shi aka kai mu asibiti, da shi aka ɗauko buhunan dankalin turawa daga Farin Gada. Injinsa har gobe bugu ɗaya ko biyu ya tashi. Amma inji daban, shoka daban. Inji kana canza masa baƙin mai, ka wanke kabireta, ka sa sabon fulogi. Shokar baya kuwa a liƙe take tun daga kamfani, man da aka zuba mata a Japan shi ne dai a ciki, in ma akwai sauransa. Shekara hamsin fa ke nan.

Matsalar ita ce yawancinmu sifirin muke kallo mu ce shoka. Sifirin aikinsa ɗaukar nauyi ne kawai. Ka danna shi ya lotsa, ka sake shi ya miƙe, kuma in ba abin da ya riƙe shi zai yi ta tsalle har sai ya gaji. Abin da ke riƙe shi yana cikin bututun nan na tsakiya: sanda ce mai fistin a kanta, tana kai da komo cikin mai, man kuma dole ya bi ta wasu 'yan ƙananan ƙofofi. Wahalar da man ke sha wajen wucewa ita ke kashe tsallen. Ranar da robar bakin bututun ta tsufa mai ya zurare, shoka ta mutu, ko da sifirin yana nan yana sheƙi. Babur zai tsaya da kyau a hoto, amma da ka faɗa rami ɗaya sai ya yi maka rawa uku. A kwana kuma, wadda a nan Filato ba ta ƙarewa, tayar baya tana tashi tana sauka maimakon ta manne da kwalta, kuma tayar da ke sama ba ta jin birki. Mu da muke kan tudu, duk inda ka nufa gangara ce, wannan ba maganar ado ba ce. Wanda ya taɓa sauka Hawan Kibo ya san abin da nake nufi.

Akwai wata yaudara ma da sanyin Jos ke yi wa mutum. Da asuba a watan Disamba ɗan man da ya rage ya yi kauri, ka danna kujera ka ji kamar lafiya lau. Ka yi tafiyar rabin awa a kan gargada, man ya ɗau zafi ya tsinke, ya haɗu da iska ya yi kumfa, sai babur ya koma shillo. Na yi shekara biyu ina ce wa kaina shokar nan da sauranta, don kullum da safe nake gwadawa.

To, ba zan ɓoye ba, kafin in dace sai da na yi asara sau biyu.

Na farko laifina ne. Na shiga wani shago na ce a ba ni "mai ƙarfi". Mai shagon ya ɗauko irin wadda ake sa wa baburan haya na yanzu, ya ce, "Alhaji, wannan ko mutum uku da buhun masara ka ɗora ba za ta kwanta ba." Bai yi ƙarya ba. An ƙera ta ne don wannan aikin. Ni kuwa ni kaɗai nake hawa, nauyina bai kai ya motsa sifirin ba, sai ya zamana kamar an yi wa babur walda da rodi. Kowane tsakuwa sai na ji ta a ƙugu. Ga shi ta fi ta asali tsawo da kusan yatsa biyu. Bayan babur ya ɗaga, kai ya zama mai saurin juyawa fiye da yadda na saba, daidaiton sarƙa ya canza, in na kafa shi a jak ɗin tsakiya tayar baya ba ta barin ƙasa. Kaurin sifirin kuma ya riƙa gogar murfin sarƙa har ya ci fenti. Wannan fentin ya fi kuɗin shokar ƙona mini rai.

A nan nake ganin kuskurenmu mafi girma yake. Kasuwarmu kasuwar kaya ce. Bajaj Boxer da TVS da Jincheng su suka cika hanya, su ke ɗaukar goyo biyu da kaya, don haka duk abin da ke rataye a shago an zaɓo shi ne don mai lodi. Har harshenmu ya saba, in an ce shoka mai kyau ana nufin mai tauri. Tsohon babur ɗin da ake fita da shi ranar Asabar zuwa Vom ko Miango ba wannan yake buƙata ba. Yana son sifirin da zai ɗan kwanta in ka zauna, kamar kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na iyakar tafiyarsa, don taya ta samu damar miƙewa cikin rami ta kuma lotsa a kan tudu.

Na biyu kuwa kwaɗayin ido ne. Na ga wata mai ruwan zinariya, da jan sifirin, da 'yar kwalba a gefe irin ta baburan tsere, an manna mata sunan wani babban kamfani. Farashinta kaɗai ya isa ya gaya mini gaskiya, amma na toshe kunne. A shoka ta gaske wannan kwalbar tana da aiki: iskar naitirojin ce a matse a ciki, an raba ta da mai, tana danne shi don kada ya yi kumfa in ya yi zafi. Wata uku tawa ta fara jiƙewa. Na kai wa bakanikena, dattijon da ya koyi aiki tun zamanin da irin waɗannan babura ke sababbi. Ya kwance kwalbar, ya leƙa, ya miƙo mini ya ce, "Yallaɓai, busa." Babu ko ƙofa tsakaninta da bututun. Gwangwani ne aka ɗaura don ado. Ya ce, "Ba girin-girin ba dai, ta yi mai." Yaran gareji suka yi ta dariya, ni ma na taya su, don ba yadda zan yi. Na gudu daga gara na faɗa gidan zago.

Duk da haka ban yarda da masu cewa araha ba ta ado, ko dai ka sayi ta Turai ko ka bar tsohuwar, ba. Na san sunayen da suke kira. Hagon ta Ingila, wadda Alf Hagon, tsohon ɗan tseren babur, ya kafa, ta shahara wajen yi wa tsofaffin babura shoka, har da mai murfi irin ta da. Ikon ta Ostireliya ita ta ci gaba da ƙera samfurin da Koni ta Holan ta daina yi wa babura. YSS ta Tailan tana tsakiya, ta fi waɗancan sauƙi. Öhlins ta Suwidin kuwa sai dai kallo. Kaya ne masu kyau, wasunsu ma ana kwance su a sake musu mai da roba, wanda ya samu hali ya saya, ba ni da ja. Amma da dala ko fam ake biya, ga kuɗin jirgi, ga kwastan, kuma kowa ya san inda naira ta kwana tun da aka sake ta a watan Yunin 2023. Shoka biyu za su iya cin kuɗin da ya kusa na babur ɗin kansa a kasuwarmu. Babur mai cc 175, wanda ba tsere ake yi da shi ba, ba ya buƙatar haka. Mu kuma tuna, shokar da Honda ta sa masa a 1975 ba wata abin al'ajabi ba ce. Babur ne na ma'aikata, an yi shi don zuwa ofis, shokarsa ma ta talaka ce tun ranar farko. Sabuwa mai sauƙin kuɗi, in dai da gaske akwai mai da fistin a cikinta, za ta yi abin da waccan ta yi tana sabuwa.

Masu cewa a nemo ta hannu, 'yar Baljiyam, su ma ina da magana da su. In daga babur ɗin zamaninsa aka ciro ta, sa'ar tawa ce, tsufansu ɗaya. Roba ba ta san ko a Turai take ko a Gangare ba, shekaru ke cin ta.

Karo na uku bakaniken ya ce shi zai raka ni. Ya kwance tsohuwar shoka ɗaya ya sa a leda, ya ɗauki tef ɗin awo, muka shiga Dilimi, wajen masu sayar da kayan gyara a Jos. Abin da na gani ya yi shi nake so masu tsofaffin babura su riƙe. Bai tambayi suna ba, bai tambayi ƙasar da aka yi ta ba. Ya auna daga tsakiyar idon sama zuwa tsakiyar maɗaurin ƙasa, ya ce bambancin kada ya wuce 'yan milimitoci. Yawancin baburan wancan zamani tsawon shokarsu yana tsakanin milimita 300 da 340, kuma milimita 20 a nan ba wasa ba ce: in ta yi tsawo ka ji labarina, in ta gajarta taya ta daki madigadi. Ya duba siffar maɗaurin, don wasu ido ne sama da ƙasa, wasu kuwa, kamar na Honda CB750, ƙasansu baki biyu ne da ke rungumar ƙarfe. Ya gwada faɗin ramin da ƙusar da ya zo da ita, don akwai na milimita 10, akwai na 12. Ya auna kaurin sifirin saboda murfin sarƙa. Shago huɗu muka shiga.

A na huɗun ne ya roƙi mai shago ya bari a cire sifirin ɗaya, da sharaɗin in ta ci jarrabawa za mu biya ba ciniki. Ya tura sandar ciki, ta shiga da ɗan sauƙi. Ya jawo ta, sai da ya sa ƙarfi, kuma ta taho sumul daga farko har ƙarshe, babu inda ta yi sako-sako. Ya ce haka ake so, ta fi yin gardama wajen fitowa, don a nan ne take riƙe sifirin kada ya harbo ka sama. Baƙa ce, ba ado, ba kwalba, kwalinta ma ya sha ƙura. Biyu muka saya. Mai canza ɗaya ya bar ɗaya yana neman babur mai tafiyar kaguwa.

Akwai wani zobe mai matakala a gindin sifirin, yawanci hawa biyar, wanda ake juyawa. Mutane suna murɗa shi zuwa ƙarshe wai don shoka ta yi ƙarfi. Ba ya canza ƙarfin sifirin. Abin da yake yi shi ne ɗaga bayan babur ko sauke shi gwargwadon nauyin da aka ɗora. Ni kaɗai, hawa na biyu ya ishe ni. Ranar da zan goya uwargida sai in ƙara biyu, kuma a tabbata duka ɓangarorin suna hawa ɗaya. Wajen ɗaurawa ma bakaniken bai matse notuna ba sai da ya sauke babur daga jak ya sa ni na zauna, don kada robar bushin ta murɗe ta yage da wuri. Ya kuma girgiza tayar baya hagu da dama, ya gano bushin ɗin ƙarfen da ke riƙe da ita ya ci. Ya ce rabin rawar da nake ɗora wa shoka daga nan take. Muka canza shi a ranar.

Tun da aka hana acaba a cikin Jos da Bukuru zamanin Gwamna Jonah Jang na fi fita da shi bayan gari, gudun doguwar magana a hanya. Yanzu wata takwas ke nan da ɗaura sabuwar shokar, damina guda ta wuce a kanta. Na je Vom ba adadi, na shiga hanyoyin jar ƙasa da ke zagaye tsofaffin kududdufan kuza, sandar a bushe take, ba ɗigon mai. In na danna kujera na saki, sau ɗaya take tasowa ta tsaya. Ban sa ran za ta yi shekara hamsin ba. In ta yi uku ko huɗu ta biya kuɗinta, in sake komawa da tef ɗina.

Abu ɗaya na yarda da masu tsiya a kansa: ta asali ta fi kyan gani, musamman da murfinta. Bakaniken ya ce zai gwada ko murfin zai shiga kan sabuwar, sai dai yana jin sai an ɗan rage bakinsa, ni kuma ban yanke shawarar bari a sa wa kayan Baba zarto ba tukuna. Suna nan dai su biyun, na shafe su da giris na naɗe a buhu. Wani ɗan gwangwan ya hango su ranar da nake shara ya yi tayi, Hajiyarmu ta leƙo ta taga ta ce in na sayar kada in ƙara shigo mata ɗaki.