Ba Hassada Ba Ce, Lissafinka Ne Bai Tashi Ba

Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Ni ma na san da wanda nake, amma ba zan kama suna ba, domin ba sunan ne ya dame ni ba, halin ne.

Akwai wani bawan Allah a cikinmu, malamin jami'a, da ya daɗe yana zagaya ofisoshi da zaurukan WhatsApp yana kukan an zalunce shi. Wai ya aika maƙala wata mujalla, aka riƙe ta wata da watanni, daga ƙarshe aka dawo masa da ita da tulin gyare-gyare. A faɗarsa, 'yan baƙin ciki ne suka haɗa kai suka danne shi don kada ya riga su zama farfesa. Har zunɗe yake yi idan wasunmu sun wuce. In ya gama sai ya zaro waya ya nuna wata mujalla da yake kira ta ƙasa da ƙasa, wadda ta karɓi wannan maƙalar dai cikin mako guda, ba ta taɓa masa ko waƙafi ba, bayan ya tura musu dala. Hujjarsa ke nan: wai na waje sun san darajarsa, na gida ne suka ƙi shi.

Malam, ka san yadda abin yake tafiya, amma tunda ka zaɓi ka rikita yara masu tasowa, bari a faɗa a bainar jama'a.

Maƙala idan ta isa mujallar kirki, teburin edita take fara sauka. Shi zai duba ko ta shiga fagen mujallar, ko an bi tsarinta, a saka ta a manhajar gano satar rubutu irin su Turnitin. Da yawa a nan suke tsayawa, a mayar wa mai su ba tare da an wahalar da kowa ba. Taka ta wuce wannan mataki, wato edita ya ga akwai abin dubawa a ciki. Wanda yake son binne ka, a nan zai binne ka da layi biyu, ba sai ya je yana roƙon mutane su karanta ka ba. Daga nan a mujallu irin namu ake cire sunanka da na jami'arka, a tura wa masana biyu, wani lokaci uku, waɗanda kai ba ka san su ba, su ma ba a gaya musu kai ne ba. Akasarinsu ko sisi ba a biyan su. Mutum yana da azuzuwansa, da takardun jarrabawa jibge, da ɗaliban da yake duba wa kundi, amma ya raba dare yana bin lissafin wani layi-layi. Edita kan aika wa mutane da dama kafin ya samu biyu da za su ce to, kuma bayan sun ce to sai ya yi ta bin su da tuni. Watannin da kake kuka da su, can suka tafi. Su rubuto rahoto, su ba da shawara: a karɓa, ko a yi ƙaramin gyara, ko babban gyara, ko a ƙi. Hukunci kuwa na edita ne, ba nasu ba.

Kai babban gyara aka ce maka. Ba a kore ka ba, ƙofa aka bar maka a buɗe.

Ko ina cikin waɗanda suka duba, ko ba na ciki, ba zan faɗa ba, domin amana ce, kuma ba a warware ta don wani ya yi fushi. Abin da na sani game da rahoton, kai ka sanar da duniya, ranar da ka ɗauki hotonsa ka watsa a zaure kana cewa jama'a su zo su ga mugunta. To mun gani, mun kuma karanta. Ka ce wani ganye yana sauke sukarin jini, ka gwada a kan ɓeraye. Aka tambaye ka ina rukunin ɓerayen da ba a ba ganyen ba, waɗanda da su za a kwatanta a san ko ganyen ne ya yi aiki ko sukarin da kansa ya sauka. Aka tambaye ka nawa ka ba kowanne gwargwadon nauyinsa. Aka nuna maka adadin ɓerayen da ka faɗa a bayanin hanyar bincike bai yi daidai da wanda ke jadawalin sakamako ba, aka ce ina sauran suka shiga, mutuwa suka yi ko cire su ka yi. Aka nemi izinin kwamitin ɗa'a. Ɗaya daga cikin masu bitar har ya rubuta maka ayyukan da suka gabace ka a kan wannan tambaya don ka karanta. A nuna mini hassada a nan. Mahassadi ba ya nuna maka inda katangarka ta tsage, shiru yake yi sai ta faɗo maka. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Fushin nan ma ba kai ka fara shi ba, kuma waɗanda suka fi ka sun yi shi sun dawo hanya. A 1936 Albert Einstein da abokin aikinsa Nathan Rosen suka aika wa mujallar Physical Review ta Amurka maƙala, suna cewa wata irin girgiza da ake hasashen tana ratsa sararin samaniya sakamakon motsin manyan taurari, babu ita. Editan, John Tate, ya tura wa wani masani ya duba. Masanin ya rubuto rahoto mai tsawo yana nuna akwai kuskure a lissafin. Einstein ya fusata, ya rubuta cewa shi bai ba da izinin a nuna wa kowa aikinsa kafin a buga ba, ya janye maƙalar ya kai ta mujallar Cibiyar Franklin. Amma kafin ta fito sai ya gane lallai akwai kuskure a lissafin, ya sauya sakamakon, ta fito a 1937 da akasin abin da ya fara faɗa. Sai bayan shekaru masu yawa aka tabbatar daga kundin ajiyar mujallar cewa mai bitar Howard Robertson ne. A 2015 kuwa na'urorin LIGO, wata cibiyar bincike a Amurka, suka kama wannan girgizar da kanta. Ka ga da ba don wani mutum da ba a ambaci sunansa ba ya tsaya a kan gaskiya, da sunan Einstein yana manne da wannan kuskure har yau. Shi ya yi fushi kuma ya gyara. Kai fushin kawai ka ɗauka.

Mu zo kan mujallar da kake tinƙaho da ita. Mako guda. A cikin mako guda yaushe aka nemo masana, yaushe suka karanta, yaushe suka rubuto, yaushe ka amsa? Ka nuna mana rahoton masu bitarta kamar yadda ka nuna mana wancan. Ba ka da shi, domin babu wanda ya karanta ka. Wasiƙa biyu kawai suka aiko maka, ta taya murna da ta lambar asusu. Ba biyan kuɗin ne laifi ba, akwai mujallu na gaske irin su PLOS ONE da ke karɓar kuɗin bugawa don kowa ya karanta kyauta. Bambancin shi ne su sai an tantance kafin a zo maganar kuɗi, kuma suna iya cewa a'a. Wadda ba ta taɓa cewa kowa a'a ba, ba mujalla ba ce, shagon buga rasit ne.

An riga an gwada irinsu an gani. A 2013 wani ɗan jarida masanin kimiyya, John Bohannon, ya ƙirƙiri maƙalar ƙarya da gangan, mai cewa wani sinadari daga tsiron da ke fitowa jikin dutse da itace yana hana ciwon daji yaɗuwa. Ya cusa mata kurakuran da duk mai ilimin fannin zai gani da kallo ɗaya, ya aika wa mujallu 304 masu karɓar kuɗi. Guda 157 suka karɓa, 98 suka ƙi. Ya bayyana sakamakon a mujallar Science. Abin da ya fi ci mini rai a labarin nan shi ne sunayen marubuta da na cibiyoyin bogi da ya yi amfani da su, na Afirka ya ƙirƙira, ɗaya ma ya ce a Asmara take. Ya zaɓi haka ne don kada a yi mamaki idan an nemi marubucin a intanet ba a same shi ba. Duk lokacin da ɗayanmu ya kai aikin da bai nuna ba irin wannan kasuwa, ƙara wa wannan kallon da ake mana ƙarfi yake, kuma wanda ya yi aikinsa tsakani da Allah shi ma sai ya shafe shi. Tun wajen 2010 wani ma'aikacin ɗakin karatu a Jami'ar Colorado da ke Denver, Jeffrey Beall, ya fara tattara sunayen irin waɗannan mujallu, har ya rufe jerin nasa a farkon 2017. Ba sabon abu ba ne, kuma kai ba yaro ba ne da za a ce ba ka taɓa ji ba.

Kana ta nuna lambar ISSN da DOI kamar wata shaida. ISSN lamba ce mai alƙaluma takwas ta rajistar mujalla, a nan gida Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayar da ita, ba ta cewa komai game da ingancin abin da ke ciki. DOI kuwa adireshi ne na nemo maƙala a intanet. Tambayar da za a yi ita ce: tana cikin kundayen da ke tantance mujallu kafin su saka su, irin su Scopus ko DOAJ ko AJOL? Su wane ne editocinta, kuma sun san an saka sunansu?

Na san abin da za ka ce, cewa ai masu bitar ma suna kuskure. Suna yi ƙwarai. Mujallar likitanci ta The Lancet da girmanta ta buga maƙalar Andrew Wakefield a 1998, wadda ta danganta allurar rigakafin ƙyanda da wata lalurar ƙwaƙwalwa ta yara bisa nazarin yara 12 kacal, kuma sai a 2010 ta janye ta, bayan iyaye da yawa sun guji allurar. A 2023 an janye maƙalu sama da 10,000 a duniya, mafi yawansu daga mujallun kamfanin ɗab'i na Hindawi. Akwai masu bita malalata, akwai masu son kai, akwai masu tilasta maka ka ambaci ayyukansu. Duk wannan gaskiya ne kuma yana mini ciwo. Amma ka lura, a can akwai wanda ake kamawa a ce ya janye, akwai ka'idojin COPE, wato kwamitin ɗa'ar buga bincike, da ake tuhumar edita da su. Taka mujallar wa za a kama? Gobe shafin nata zai iya ɓacewa da maƙalarka da dalarka gaba ɗaya.

Da a kan takardun neman ƙarin girmanka abin ya tsaya, wallahi da na yi shiru, na bar ka da masu tantancewa na waje da za a aika wa ayyukanka, su ai sun san mujallun. Abin da ya sa na yi magana biyu ne. Na farko, ka fara shiga rediyo kana cewa bincike ya tabbatar, an buga a ƙasar waje. Wadda ke sauraron ka tsohuwa ce mai ciwon suga da kuɗin magani ya gagare ta, ta ji Dakta ya faɗa, ta ajiye ƙwayoyinta ta koma tafasa ganye. Ita ba ta san ɓerayen da suka ɓace tsakanin shafi da shafi ba. Idan ƙafarta ta ruɓe, ba editan da ke bayan wancan shafin intanet za a tambaya ba ranar gobe. Na biyu, ɗalibanka. Ka koya musu su haɗa kuɗi a tura, a jera sunaye, naka a gaba, har da na waɗanda ba su taɓa leƙa ɗakin gwajin ba. Yaro ya fito da digiri na biyu bai taɓa zama ya amsa tambayar mai bita ko ɗaya ba, yana ganin duk wanda ya ce masa gyara maƙiyinsa ne. Waɗannan su ne za su duba ayyukan wasu nan gaba. Wannan ɓarnar ta fi ta maƙala ɗaya nisa.

In har ka yarda an zalunce ka, hanya a buɗe take kuma ka san ta. Ka rubuta wa edita, ka ɗauki maganganun masu bitar ɗaya bayan ɗaya, wanda ka yarda da shi ka gyara ka nuna shafi da layi, wanda ba ka yarda ba ka kawo hujja cikin ladabi. Kana da damar neman a kai wa mai bita na uku. Kana da damar ambata wanda kake zargin yana da wata a ƙasa da kai, a kauce masa. Editoci suna sauya hukunci idan hujja ta zo. Sai dai yanzu ka ƙara wa kanka aiki, domin mujallar kirki ba ta karɓar abin da aka riga aka buga a wani wuri. Sai ka fara rubuta wa waɗancan su sauke ta daga shafinsu, in sun amsa maka, sannan ka koma ɗakin gwaji ka nemo rukunin ɓerayen da aka tambaye ka.